Yadda za ka karanta takardar likita da sakamakon gwajin asibiti, mataki-mataki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kusan kullum sai wani ya turo min hoton takarda yana cewa dan Allah a duba min me wannan yake nufi, wani takardar magani ce, wani rizal ɗin gwajin jini, wata kuma katin awo ne aka cika mata shi da haruffa ba wanda ya tsaya ya yi mata bayani. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta su gaba ɗaya. Amma tun farko mu fahimci juna, wannan bayanin don ka gane abin da aka rubuta maka ne, ka sha magani daidai, ka kuma san tambayar da za ka yi wa likita. Ba don ka riƙa rubuta wa kanka ko maƙwabta magani ba ne.

Mataki na 1: Tabbatar takardar taka ce

Abin da kake buƙata kaɗan ne, waya mai kyamara, biro, da ɗan littafi. Kafin ka miƙa takarda a famasi ko a ɗakin gwaji ka ɗauki hotonta, domin wurare da yawa suna riƙe ta ba za ta dawo hannunka ba.

Sai ka duba sama, suna, shekaru, kwanan wata da lambar katinka na asibiti. Masu suna iri ɗaya suna da yawa a layi ɗaya, lambar kati ce take raba ku. Idan ka ga Rx a sama ko a gefe toh takardar magani ce. Idan jerin gwaje-gwaje ne aka yi wa wasu alamar biro kuma babu lambobi a gabansu, takardar neman gwaji ce, ba sakamako ba, kar ka ce an gano maka duk cututtukan nan.

Gargaɗi: idan za ka tura wa wani hoton takarda ya duba maka, rufe sunan. Musamman ta matarka ko ta wani ɗan uwa, sirrinsu ne, kar a jefa ta a guruf ɗin WhatsApp.

Mataki na 2: Raba layin magani gida biyar

Kowane layi a takardar magani yana da tsari, ko da rubutun likitan ya cakuɗe. Ga misali:

Cap Amoxicillin 500mg tds x 5/7

Na farko irin maganin, na biyu sunansa, na uku ƙarfinsa, na huɗu sau nawa a rana, na biyar kwana nawa. Idan ka rasa ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ko ba ka iya karanta shi ba, koma ka tambaya, kar ka yi kintace kuma kar ka bar mai kemis ya yi maka kintace.

Irin magani: Tab ƙwaya ce, Cap kafso, Syr ko Susp na ruwa ne irin na yara, Inj allura, Gutt na ɗigawa a ido ko kunne, Supp na sawa ta dubura, Pess na matsi ne da mata suke sawa ta gaba. Wasu sunayen ma gajarta su ake yi, PCM farasitamol ne, A/L ko ACT maganin maleriya, FeSO4 ko Fersolate maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, shi ne yake sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne.

Wajen ƙarfi kuma, 1g daidai yake da 1000mg, saboda haka idan aka rubuta PCM 1g ƙwaya biyu kenan ta 500mg. Wasu likitocin maimakon haka sai su ja ƴan sanduna da ɗigo a kai, i ƙwaya ɗaya, ii biyu, iii uku.

Gargaɗi: mg da mcg ba ɗaya ba ne, mg ɗaya mcg dubu ne. Haka nan ka kula da ɗigo, 0.5 da 5 ninki goma ne tsakaninsu. Sannan duk ƙwayar da ka ga SR, XR, XL ko Retard a bayan sunanta an yi ta ne ta riƙa narkewa a hankali cikin jiki, ba a daka ta ba a tauna ta, idan ka dake ta maganin da ya kamata ya yi awanni yana shiga sai ya shiga lokaci guda, ga mai hawan jini wannan zai iya kayar da shi.

Mataki na 3: Sau nawa a rana

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe a kai.

od ko dly, sau ɗaya a rana, kuma a lokaci guda kullum. bd ko bid, sau biyu. tds ko tid, sau uku. qds ko qid, sau huɗu. nocte da dare kafin barci, mane da safe. stat na nufin a sha ko a yi yanzu-yanzu sau ɗaya shikenan. prn kuma sai in buƙata ta taso, misali in ciwo ya motsa ko zazzaɓi ya hau, in babu ciwo ba sai an sha ba. Wani likitan zai rubuta da awa kai tsaye, 12hrly, 8hrly, 6hrly. ac kafin abinci, pc bayan abinci.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne sau uku a rana ba wai karin kumallo da abincin rana da na dare ba ne a cunkushe cikin awa goma, musamman in maganin kashe ƙwayoyin cuta ne wato antibayotik. Ana so a raba awa 24 ne, kusan awa takwas-takwas, domin maganin ya zauna a jini ba tare da ya yanke ba. Hanya mai sauƙi ita ce ka ɗaura shi da lokutan da ba ka mantawa, ƙarfe 6 na safe bayan an dawo sallar asuba, ƙarfe 2 bayan azahar, ƙarfe 10 na dare kafin ka kwanta. Mai sau biyu kuma bayan asuba da bayan magariba, ka ga kusan awa 12 kenan. Sa ƙararrawa a waya, ba kuɗi ake biya ba.

In ka manta ba ka sha ba, yawancin magunguna za ka sha da zarar ka tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa toh ka bar wancan ya wuce, kar ka haɗa biyu ka watsa. Da azumi ma haka, maganin sau uku ba a matse shi tsakanin buɗa-baki da sahur bisa ra'ayin kai, ka gaya wa likita kana azumi, sau da yawa akwai wanda zai canza maka mai sau ɗaya ko sau biyu, in kuma ciwon bai yarda da azumin ba zai faɗa maka.

Gargaɗi: prn ma yana da iyaka. Babban mutum kar ya wuce farasitamol 4g a awa 24, wato ƙwaya takwas ta 500mg, kuma magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu, sai mutum ya haɗa su yana cutar hantarsa bai sani ba. Akwai kuma magani irin Methotrexate da masu wasu ciwukan gaɓoɓi suke sha sau ɗaya a MAKO, in ka ga wkly ka tabbatar an faɗa maka ranar, shan sa kullum yana kisa.

Mataki na 4: Kwana nawa, da lissafin kuɗi kafin ka biya

A rubutu irin 5/7, lambar da ke bayan sandar ita ce take faɗa maka ma'auni. In 7 ce kwanaki ake nufi, in 52 ce makonni, in 12 ce watanni. Wato 5/7 kwana biyar, 2/52 mako biyu, 1/12 wata ɗaya, 3/12 wata uku. Ba ƙwaya biyar cikin bakwai ba ne, ba kuma ranar 5 ga watan 7 ba.

Yanzu sai ka yi lissafi tun kafin ka isa taga. Misalinmu na sama, kafso ɗaya sau uku a rana kwana biyar, 15 kenan. In shagon mai 250mg kawai gare su toh biyu-biyu za ka sha, 30 kenan, ka tabbatar an rubuta maka hakan a jikin leda. Wannan lissafin yana hana a sayar maka da fiye da buƙata, yana kuma hana ka sayi rabi kana zaton ya cika.

Maganar kuɗi, farashi yana canzawa kusan kowane wata don haka ba zan sa adadi ba, amma ga abin da ba ya canzawa. Magani ɗaya yakan zo da sunan kamfani daban-daban, wani ya ninka wani tsada alhali sinadarin ɗaya ne, ka tambayi mai famasi ko akwai mai sauƙi mai sinadari da ƙarfi iri ɗaya. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa wato EXP, in kwalin yana da wurin kankarewa ka kankare ka tura lambar kamar yadda aka rubuta a jiki. In kuɗin ba zai isa duka ba, kar ka zaɓa da kanka, koma ka ce likita kuɗina kaza ne wanne ya fi zama dole. Ba abin kunya ba ne, kullum suna jin wannan. Abin da bai kamata ba shi ne sayen antibayotik na kwana biyu a bar sauran, ko a daina da an ji sauƙi.

Mataki na 5: Ta ina zai shiga, da sirof ɗin yara

PO ta baki, SL a ƙarƙashin harshe, IM allurar tsoka, IV ta jijiya, SC ƙarƙashin fata kamar insulin, PR ta dubura, PV ta gaban mace. A maganin ido RE idon dama, LE na hagu, BE duka biyun, kuma kwalbar ɗigon ido in an buɗe ta yawanci ba ta wuce mako huɗu. Duk abin da aka rubuta Supp, Pess, PR ko PV ba a haɗiye shi, ko da ya yi kama da ƙwaya.

Iyaye mata ku kula da nan. Sirof yana da ƙarfi daban-daban, Amoxicillin akwai 125mg/5ml akwai 250mg/5ml, kwalbar kusan iri ɗaya amma na biyun ya ninka na farko. In an ce 5ml, ki tambaya na wane ƙarfi. Cokalin shayi a lissafin asibiti 5ml ne, babban cokali 15ml, amma cokulan gidajenmu kowanne da girmansa, saboda haka ki sayi sirinji mara allura ko ki yi amfani da ɗan kofin da ya zo da maganin. In gari ne a kwalba, ruwan da aka tafasa ya huce ake zubawa zuwa daidai layin da ke jiki, a girgiza kafin kowane bayarwa, kuma bayan an haɗa yana da kwanakin da yake lalacewa, yawanci mako ɗaya wasu zuwa biyu, wasu ma sai a firij. Ragowar ba a ajiye wa ƙanin yaron, maganin yara da nauyin jiki ake auna shi.

Maganin maleriya A/L yana da nasa tsari ko da an rubuta bd x 3/7. Sha na farko yanzu, na biyu bayan awa 8, sannan safe da dare na kwana biyu, sau shida kenan. Mai ƙarfin 20/120 yaro mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya, 15 zuwa 24 biyu, 25 zuwa 34 uku, daga kilo 35 huɗu. Mai 80/480 kuwa ƙwaya ɗaya ce ga babba, kar a sha huɗu. A sha shi da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai, in an yi amai cikin rabin awa a sake.

Mataki na 6: Abin da likita ya rubuta a kati

c/o abin da ka zo da shi ne kake kuka da shi, in ka ga fever x 3/7 a nan toh zazzaɓin ne ya kwana uku. O/E abin da ya gani da ya duba ka. NAD bai ga wata matsala ba. BP awon jini, daga 140/90 zuwa sama in ya maimaitu ana kiransa hawan jini. T zafin jiki, daga 37.5 an fara maganar zazzaɓi. SpO2 iskar da ke cikin jini. Ɗan alwatika ∆ ko Ass ko Imp shi ne ciwon da yake gani. HTN hawan jini, DM ciwon suga, PUD olsa, UTI sanyin mafitsara, PID sanyin mahaifa, PTB tarin fuka, CKD ciwon ƙoda da ya daɗe, CCF gazawar zuciya, CVA shanyewar ɓarin jiki, SCD sikila. NPO kar a ci kar a sha komai, ana rubuta shi kafin tiyata, dan Allah masu jinya ku kiyaye, ko kunu ko ruwa kar a ba shi a ɓoye don tausayi. TCA 2/52 ko See 2/52 ka dawo bayan mako biyu.

Gargaɗi: alamar tambaya a gaban sunan ciwo ko R/O na nufin zargi ne kawai ake so a bincika, ba a tabbatar ba. Sannan haruffa ɗaya sukan ɗauki ma'ana biyu, PR a wajen awo bugun jini ne, a takardar magani ta dubura. C/S a katin mai ciki tiyatar haihuwa ce, a takardar gwaji shukar ƙwayoyin cuta. PT gwajin ciki ne ko na daskarewar jini. Ca a rizal ɗin jini sinadarin kalsiyam ne, a rubutun likita kuma yakan nufi ciwon daji. Kar ka tayar wa gida hankali a kan haruffa biyu, ka tambayi wanda ya rubuta.

Mataki na 7: Sakamakon gwajin jini

Takardar rizal mai kyau tana da sunan gwaji, lambarka, ma'auni, da iyakar lafiya a gefe. Ka kwatanta lambarka da iyakar da ke kan takardar nan, ba ta maƙwabcinka ba, domin injina sun bambanta. H ko kibiya sama ya haura, L ko kibiya ƙasa ya yi ƙasa. Ɗan haurawa kaɗan ba kullum yake nufin ciwo ba.

FBC cikakken ƙidayar jini ne. A ciki PCV shi ne wanda muke cewa yawan jini, namiji kusan 40 zuwa 50 da ɗoriya, mace kusan 36 zuwa 46. Hb ɗan uwansa ne, in ka ninka Hb sau uku za ka samu kusan PCV. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya Hb ƙasa da 13 ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki (10.5 a watanni ukun tsakiyar ciki) ƙarancin jini ne. Mai sikila nasa yakan zauna ƙasa ko yana lafiya, shi ya sa yana da kyau iyaye su san lambar da ɗansu ya saba zama a kai. WBC sojojin jini ne, 4 zuwa 11, PLT masu tsayar da zubar jini, 150 zuwa 400 ko 450.

E/U/Cr gwajin ƙoda ne da gishirin jiki, LFT na hanta. Waɗannan kar ka fassara su kai kaɗai, amma in Creatinine, mai nuna aikin ƙoda, ya haura sosai ko K, wato sinadarin fotasiyam, ya kai 6, a ranar za ka kai wa likita.

Suga kuma FBS shi ne na safe bayan awa 8 ba ka ci komai ba, ruwa zalla an yarda, shayi da koko ba a yarda ba. RBS na kowane lokaci. A nan ka fara duba ma'auni kafin lamba, ko mmol/L ko mg/dL, ana ninka na farko sau 18 a samu na biyu. FBS daga 7.0 mmol/L wato 126 mg/dL, ko RBS daga 11.1 wato 200, ana zargin ciwon suga a sake gwadawa a tabbatar. Sai ka ga mutum nasa 15 mmol/L ya kwantar da hankali wai ai na abokinsa 120 ne kuma an ce lafiya lau, alhali nasa 270 kenan a ma'aunin abokin. Ƙasa da 3.9 wato 70 suga ya faɗi, in mutum yana rawar jiki da zufa kuma yana cikin hayyacinsa a ba shi abu mai zaƙi nan take. In injin gida ya nuna HI ya wuce abin da zai iya aunawa ne, asibiti kai tsaye. HbA1c yana nuna yadda suga ya kasance cikin kusan wata uku, daga 6.5% ciwon suga ne, ya fi FBS tsada amma ba kullum ake yin sa ba.

Mataki na 8: MP da Widal

MP gwajin maleriya ne da madubin likita, RDT kuma na ɗan katin nan mai layi. +, ++, +++ yawan ƙwayar cutar da aka gani, No MP seen ba a gani ba. Yana cikin gwaje-gwaje mafi araha, ya fi sauƙi a kan sayen maganin da ba ka buƙata. RDT yakan ci gaba da nuna akwai har makonni bayan an warke, ka faɗa in ka sha magani kwanan nan.

Widal kuwa, gwajin da ake yi don taifot, wallahi ya cinye kuɗin mutane da yawa. Za ka ga O da H da lambobi irin 1/20, 1/80, 1/160. Ba ƙwayar taifot yake gani ba, martanin da jiki ya taɓa yi yake aunawa, kuma a inda taifot ya yawaita mutane masu lafiya ma nasu yakan hau, maleriya ma tana iya ɗaga shi. Ganin 1/160 kaɗai bai isa a ɗaura maka ruwa da allurai na kwana biyar ba. Gwajin da ya fi tabbas shi ne shuka jini, ya fi tsada kuma yana ɗaukar kwanaki, likita ne zai haɗa alamomin jikinka da rizal ya yanke hukunci.

Mataki na 9: Reactive, jinotayif, da M/C/S

Reactive ko +ve an ga abin da ake nema, Non-reactive ko -ve ba a gani ba. RVS gwajin HIV ne, in ya nuna sai an tabbatar da wani gwajin, kuma gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke da sashen. Haka gwajin kaki na tarin fuka, GeneXpert ko AFB, da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin DOTS, wato wuraren da ake kula da masu tarin fuka.

HBsAg reactive na nufin akwai ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Amma HBsAb ko anti-HBs reactive kariya ce jiki yake da ita, harafi ɗaya ne ya raba su, a duba da kyau. Mai HBsAg ba kowa ne yake buƙatar magani nan take ba, ana ƙara gwaji a ga halin hantar, a gwada iyali a yi wa marasa shi rigakafi, jaririn uwa mai shi kuma a yi masa allurar cikin awa 24 da haihuwa. Kar a ruga wajen masu jiƙe-jiƙen wanke hanta.

Jinotayif daban rukunin jini daban. AA, AS, AC, SS, SC jinotayif ne. AS da AS in sun yi aure kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kowane ciki fa, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba. A, B, AB, O rukunin jini ne, mace mai alamar negatif kamar O- ta gaya wa malaman awo tun farko saboda allurar anti-D da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, tana da tsada gara a fara tanadi da wuri.

M/C/S shuka fitsari ne ko kaki ko ruwan gaba a ga wace ƙwaya ce ta tsiro, yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku. A gaban sunan kowane magani, S na nufin maganin zai kashe ta, R ba zai yi mata komai ba, No growth ba abin da ya tsiro. A bayar da samfur kafin a fara antibayotik, fitsarin kuma na tsakiya, a bar na farko ya zuba. Kar ka ɗauki jerin masu S ka tafi kemis, wasu ba su dace da mai ciki ko yaro ko mai ciwon ƙoda ba.

Mataki na 10: Katin awo

'Yar uwa in kin ga G4 P2+1 2A, ciki na huɗu kenan har da wannan, haihuwa biyu, ɓari ɗaya, biyu suna raye. LMP ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara, EDD ranar da ake sa ran haihuwa, kintace ne, daga mako 37 zuwa wajen 42 duk lokaci ne. EGA makonnin cikin, SFH tsayin ciki, FHR bugun zuciyar jariri 110 zuwa 160, Ceph kai yana ƙasa, Breech yana zaune. SP ko IPT ƙwayoyi ukun nan na rigakafin maleriya, TT ko Td allurar tetanus, USS sikanin.

Gargaɗi: BP 140/90 ko sama tare da Protein + ko ++ a fitsari hanyar jijjiga ce. In ya haɗu da ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko kumburin fuska, ba a jiran ranar awo ko dawowar maigida daga kasuwa. In sikanin ya ce Placenta praevia mabiyiya ce ta tare hanya, a asibiti mai tiyata za a haihu, ko ɗigon jini kika gani ki tafi.

Mataki na 11: In takardar daga Nijar take

'Yan uwanmu na Maraɗi, Damagaram da Tawa, da masu tsallakawa neman magani, taku da Faransanci take. cp ƙwaya, gél kafso, 1 cp x 3/j pdt 5 j ƙwaya ɗaya sau uku a rana kwana biyar, matin safe, midi rana, soir yamma. càc ƙaramin cokali 5ml, càs babba 15ml. GE da TDR gwajin maleriya, NFS shi ne FBC, ECBU shukar fitsari, AgHBs shi ne HBsAg, CPN awo. TA awon jini ne kuma sukan rubuta 12/8 maimakon 120/80, don haka 16/10 hawan jini ne sosai. Suga da g/L suke auna shi, 1,26 daidai yake da 126 mg/dL, kuma waƙafi suke sawa inda ake sa ɗigo a Najeriya.

Mataki na 12: Kafin ka bar taga

Ka buɗe ledar a gaban mai ba da magani, ka ɗaga kowanne ka maimaita masa da bakinka, wannan guda nawa, sau nawa, kwana nawa, kafin abinci ko bayansa. Ka tambaya me ba a haɗa shi da shi, misali Ciprofloxacin ba a shan sa lokaci ɗaya da madara ko maganin ƙarin jini ko na olsa mai ruwa. Ka faɗa in akwai ciki, ko shayarwa, ko wani magani ya taɓa sa maka ƙaiƙayi da kumburi, ko kana shan na gargajiya. Ka sa a rubuta maka da Hausa ko a ja sanduna a jikin kowace leda, musamman in tsoho za a kai wa.

Takardun kuma a samu fayil ɗaya ko leda mai zif a jera su bisa kwanan wata, kowane mutum da nasa. Rizal ɗin da aka buga a siririyar takardar inji yana goge da zafi, a ɗauki hotonsa ko a yi fotokwafi tun a ranar. Ranar komawa asibiti a tafi da fayil ɗin da kwalayen duk magungunan da ake sha, har da waɗanda aka saya a kemis.